Yadda Na Goya Baba Zuwa Ruga

Shekarar da aka mayar da ni wata makarantar firamare a Nasarawo na sayi mashin. A Pantami nake zaune, ni da matata da 'ya'yanmu biyu. Kullum da safe sai na tsaya bakin titi ina ɗaga wa 'yan acaɓa hannu, ran da aka tashi da ruwa kuwa sai yara sun gama taron safe sun shiga aji nake isa. Da na gaji da wannan, sai na sayi wani jan mashin na hannu a wurin wani ma'aikaci da zai koma garinsu. Fentin tankinsa ya koɗe daidai inda gwiwa ke gogarsa, madubin hagu kuma da roba aka ɗaure shi. Amma injinsa lafiya lau, bugu ɗaya yake tashi. Ran da na shigo da shi gida, matata ta ɗebo ruwa a bokiti, muka wanke shi tare, yara suna ta rigima a kan wanda zai danna hon.

Washegari na tafi Bagadaza in nuna wa iyayena. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta fito har ƙofar gida, ta shafa tankin, ta sa albarka, ta ce Allah ya tsare ni da sharrin ƙarfe. Baba yana zaune a kan tabarma a zaure, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Daga nan inda yake ya leƙo, ya daɗe yana kallon mashin ɗin.

"Wannan in ka sake shi, zai tsaya da kansa?" ya tambaya.

Na ce, "Sai an kafe shi, Baba."

"To, Allah ya sa alheri. Ni dai abin da ba ya iya tsayuwa da ƙafafunsa ban ga yadda zan ba shi amanar nawa ƙafafun ba."

Baba makiyayi ne tun tasowarsa. Da ƙafa ya san ƙasar nan, daga dajin Dukku har bakin kogi. Da girma ya zo masa, ya sayar da yawancin shanunsa ya gina gidan Bagadaza, ya bar sauran a hannun ƙaninsa, Bappa, a wata ruga da ke can ciki idan ka sauka daga hanyar Dukku. Da farko yakan je ya duba su. Mota ta sauke shi a bakin titi, ya saɓa sandarsa ya taka sauran. Sai gwiwarsa ta dama ta fara kumbura, tafiyar ta gagare shi. Mota ba ta shiga hanyar saboda yashi, acaɓa kuwa ya rantse ba zai hau ba, tun da ya ga wani yaro ya zubar da wata tsohuwa a gaban masallacin unguwarsu. Damina biyu ta wuce bai ga shanunsa ba. Ba ya maganar. Amma duk ran da Bappa ya shigo gari, sai ya tsare shi da tambaya, saniya ɗaya bayan ɗaya, har abincin da Dada ta ajiye musu ya huce.

Tun ran da na sayi mashin ɗin na ƙudurta zan kai shi. Ban faɗa masa ba, don na san halinsa. Ni ne ɗansa na fari, kuma a wurinmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai" yake ce mini, da na fara koyarwa na koma "Malam". Idan na ce ina so in yi masa wani abu, amsarsa ɗaya ce, a'a, kada in wahalar da kaina.

Dada ce ta buɗe mini hanya. Wata Juma'a maƙwabcin da yake ɗaukarsa a mota zuwa masallaci ya yi tafiya. Ta aika a kira ni, ta ce da Baba, "Ko dai ka hau na ɗanka, ko ka yi azahar a gida." Ya ɗauki sandarsa.

Wannan goyon na farko bai yi daɗi ba ko kaɗan. Soson kujerar ya riga ya mutu, idan ka zauna ƙarfen ƙasa kake ji. Matakin ƙafar na baya yana sama sosai, sai da Baba ya naɗe gwiwar nan mai ciwo kafin ya ɗora ƙafarsa. Na ce ya riƙe ni, ya yi kamar bai ji ba, ya mayar da hannu ɗaya baya ya kama kariya, ƙarfen ɗora kaya, ya zauna a sanƙare. Sandarsa kuma ya gitta ta a cinya, ta fito ta kowane gefe, har wani mai keke ya leƙo yana cewa, "Baba, a yi mana hanya mana!" Da muka isa ya sauka da ƙyar. Nan muka ga gefen babbar rigarsa ya kwanta a kan salansa, bututun hayaƙin mashin, ya ƙone, ya yi baƙi kamar an ɗora dutsen guga an manta. Rigar da yake ji da ita ce. Bayan salla ya ce in tafi abina, zai bi wani abokinsa. Da yamma Dada ta gaya mini sai da ta gasa masa baya da ruwan zafi.

Ranar Litinin na ba malamin lissafin makarantarmu labari. Shi Batangale ne daga wajen Kaltungo, ya girme ni sosai, kuma ya fi kowa daɗewa da mashin a cikinmu. Duk ƙarshen mako yakan tafi gida ya duba gonarsa, ya yi sujada a cocinsu, ya dawo. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta take narkewa a Gombe, ba ya hawa mashin sai da hular kwano, da baƙar jaket mai kauri, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Ɗalibai suna kiransa ɗan sama jannati a bayan idonsa, ya kuma sani, bai damu ba.

Ya fito ya zagaya mashin ɗina, ya danna kujerar da babban yatsa, ya hau kariyar ya yi sukuwa a kanta.

"Malam, kai ka goya Baba a kan wannan?" ya ce. "Ai ba shi ya kamata ya yi fushi ba, hukuma ce ya kamata ta kama ka. Soso ya mutu, shoka ta mutu. Mashin kamar takalmi ne, ba a ce wa ƙafa ta yi haƙuri, takalmin ake gyarawa."

Daga nan ya dubi ƙafata. Silifa ce a ƙafar.

"Wannan kuma fa? Wanka za ka?"

Na ce zafi ne ya yi yawa. Ya ce shi ma ai ba a cikin firji yake zaune ba. A cewarsa, idan ka yi gumi a cikin jaket, iska ta shiga ta hannun riga, sanyin da za ka ji ya fi na fanka. Na gwada tasa sau ɗaya, daga makaranta zuwa Pantami, na isa gida kamar an tsamo ni daga rijiya. Har yau ban yarda da maganar jaket ba, sai dai in ana sanyi. Safar hannu ma ban ga amfaninta a cikin gari ba. Takalmi kuwa ya fi ni gaskiya. Ba a yi mako biyu ba kik, ƙarfen da ake bugawa a tayar da inji, ya dawo da baya ya fasa mini babban yatsa, na yi kwanaki ina ɗingishi a gaban allo. Tun daga lokacin sau-ciki nake sawa. Tabarau kuma ni na koya wa kaina, ran da wani ƙwaro ya faɗa mini ido da yammacin damina, na kusa shiga kwata.

Gyaran farko kujera ce. Na kai ta wurin wani mai ɗinkin kujerun mashin a kusa da babbar kasuwa, na ce ya cika mata soso, kada ya ji tausayi. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ya ƙara ma. Da aka ɗaura ta, ta yi tudu kamar katifar amarya. Ni kuwa ba dogo ba ne. A mahaɗar farko da na tsaya, na sauke ƙafa na nemi ƙasa na rasa, mashin ya karkata a hankali, muka kwanta tare a gaban masu sayar da lemo. Ba abin da ya same ni sai kunya. Na koma wurin mai ɗinkin, muka yi dariya tare, ya fere gaban kujerar ya dawo daidai tsawona, ya bar bayan da taushinsa, ya kuma faɗaɗa shi kaɗan. Daga nan bakanike ya canja mini shoka biyun na baya.

Saura matakin ƙafa, da abin riƙewa, da maganar sanda. Waɗannan aikin walda ne, kuma ba za a yi su ba sai an auna mai hawan. Na rasa yadda zan ɓullo wa Baba. A ƙarshe na je na gaya masa gaskiya, na ce ina so in gyara wurin zamansa, kuma mai waldan ya ce sai ya ga tsawon ƙafarsa.

"Wa ya ce maka zan sake hawa?"

"Ba wanda ya ce, Baba. Amma in kun hau wata rana, gara a ce an gyara."

Ya tambayi wane mai walda ne. Na ce wani dattijo ne a bakin titin unguwarsu, Babarbare. Sai na ga fuskarsa ta saki.

"Babarbare? To bari in je in gani, kada bawan nan nawa ya lalata maka ƙarfe."

A keke mai ƙafa uku na sa shi, ni kuma na bi su a kan mashin. Tun kafin ya sauka mai waldan ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "A'a, yau Fulani sun gaji da bin saniya, sun zo mu koya musu zaman gari?" Baba ya ce ai ubangida ne ya zo duba aikin bawansa. Suka yi ta yi, ni ina tsaye ina riƙe da mashin. A cikin wannan wasan aka yi duk awon. Mai waldan ya sa Baba ya hau, ya ce ya saki ƙafar yadda take masa daɗi, ya yi alama da alli. Ya sauko da matakin ya kuma turo shi gaba kaɗan, yadda gwiwar ba za ta naɗe ba. Ya yi wa salansa mayafi na ƙarfe mai huji-huji. Ya lanƙwasa bututu ya yi ɗan majingini a kan kariya, da mariƙi a kowane gefe, don ya lura da kansa cewa Baba ba zai riƙe ni ba.

"Kunyar nan taku ce za ta kashe ku," in ji shi. "Ɗanka ne fa, ba surukinka ba."

"Kai dai yi aikinka," in ji Baba.

Maganar sanda Baba ne ya kawo dabarar. Ya ce a yi mata zobe biyu a gefen da ba salansa, ta kwanta a miƙe da tsawon mashin, kamar yadda ake soke ta a jikin kayan jaki. Aka yi hakan, ta zauna daram. Ranar a kan mashin muka koma gida.

Tun daga ranar, gyaran ya tashi daga hannuna ya koma nasa. Ya ce ledar kujerar tana ɗaukar zafi, in mashin ya daɗe a rana ba ta zaunuwa. Ya sa Dada ta ciro masa wani buzu na ragon layya da ya jeme da kansa, ya yanka shi daidai wurin zamansa, ya huda gefe ya sa igiya. Gaskiya ya yi taushi, kuma ba ya zafi. Matata ma da ta hau ta ce a bar shi. Sai dai ran da ruwa ya kama ni a hanya buzun ya jiƙe, kwana da kwanaki mashin ɗin yana warin rago, duk wanda na goya sai ya sauka yana sunsuna rigarsa. Malamin lissafi ya ce in cire wannan abin in yar. Baba ya ce hancin mutanen gari ne ya lalace. Muka tsaya a kan cewa buzun zai zauna a Bagadaza, a ɗaura shi in Baba zai hau.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta hular kwano. Ni kaina a lokacin a hannun mashin nake rataye tawa, sai na hango jami'an hanya in kifa. Malamin lissafi ya zo har gidan Baba da wata tsohuwar hularsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa gefenta inda kwalta ta kankare fenti har ta ci robar.

"Baba, akuya ce ta shigo mini a hanyar Kumo. Da ba wannan, da kaina ne ya yi haka."

Baba ya juya hular a hannunsa, ya ƙwanƙwasa ta. "Allah ya kiyaye gaba, Malam. Amma ni da furfurata in kifa ƙwarya a kai, in ratsa gari? Ina da malfa."

Aka bar shi ya gwada malfar. Ba mu kai ƙarshen layinsu ba iska ta shiga ƙarƙashinta, ta fizge ta baya, igiyar ta shaƙe shi a wuya. Ya ce in tsaya. Ya kwance ta ya riƙe a hannu, muka dawo. Ya gwada hular kwanon a kan rawani, ta ƙi shiga. Ya cire rawanin ya sa ta, ya ce ba ya jin komai, kamar an tura kansa a cikin tulu. Malamin ya tafi ya dawo da wata marar murfin haɓa, mai barin fuska a buɗe. Wannan ta shiga a kan 'yar ƙaramar hula, rawanin kuma ya naɗa shi a wuya. Dada ta leƙo daga tsakar gida ta gan shi, ta koma ciki da sauri, muna jin dariyarta ta bayan katanga. Baba ya cire, ya ajiye a gefe, ya ce zai yi tunani. Ni dai tun ranar da na ga waccan kankararriyar hular nake ɗaure tawa har haɓa.

Muka yi ta ƙananan tafiye-tafiye a cikin gari, masallaci, gaisuwar rasuwa, asibiti wurin duba gwiwar. Ya koyi naɗe babbar riga ya tara ta a cinya. Ya koyi daina karkata kishiyar kwana, abin da da farko yake sa mashin ya yi ta rawa a hannuna. Ban taɓa ambatar ruga ba. Shi ne wata rana, muna dawowa daga asibiti, ya yi magana daga bayana.

"Malam, wannan abin naka yana shiga yashi?"

Na ce yana shiga, in an bi shi a hankali.

"Ruwa ya ɗauke. Hanya ta bushe yanzu."

Ranar Asabar da sassafe na iso Bagadaza. Na same shi a shirye a zaure, da hular kwanon a kusa da shi, ba wanda ya ce ya ɗauko ta. Dada ta ɗaure mana goro da sukari da ganyen shayi da kanwar shanu a kariya, malfar kuma Baba ya sa aka ɗaure ta a saman kayan. Muka hau hanyar Dukku rana ba ta yi zafi ba. Dawa ta yi kai a gonaki, wasu sun fara cire wake. Ban wuce gudun da zan iya jin maganarsa ba, shi kuwa tun da muka bar gari bakinsa ya buɗe. Yana nuna mini inda suka taɓa yin mashekari, inda rijiya take a da, inda wani bajiminsa ya karye. Wurare da yawa yanzu gidaje ne ko gonaki, sai ya ce, "Nan duk daji ne a da," can kuma ya sake nuna wani wurin.

Da muka sauka daga kwalta na tsaya na rage iskar tayoyin kaɗan, yadda malamin lissafi ya koya mini. Hanyar ta yi kyau har muka iso wani busasshen rafi mai faɗi, yashi fari tas. Na ce ko zai sauka in tura. Ya ce in ya sauka a nan, gwiwarsa ba za ta fitar da shi ba, mu dai shiga da bismilla. Na sa giya ta ɗaya muka shiga. Mun ci rabi, tayar gaba ta nutse, ta baya ta yi ta haƙa, kan mashin ya juya, muka kwanta a gefen hagu, a hankali kamar raƙumi zai durƙusa.

Na zabura na ɗaga mashin daga kansa. "Baba, gwiwar! Kun ji ciwo?"

Yana kwance a yashi, hular ta karkace ta rufe masa ido ɗaya. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, irin wadda ban taɓa ganin ya yi a gabana ba, har da hawaye.

"Ka gaya wa malamin naku," ya ce da ya samu numfashi, "kaina ko taɓa ƙasa bai yi ba. A banza na sha zafin ƙwaryarsa."

Na tayar da shi, na kakkaɓe masa riga. Ya zare sandarsa daga zoben, ya dogara, ya taka sauran yashin da kansa a hankali, ni kuma na tura mashin ina haki. Da muka hango bukkokin rugar daga nesa ya ce in tsaya a gindin wata tsamiya. Ya cire hular kwanon, ya warware rawaninsa ya naɗa da kyau, ya ɗora malfa, ya ce in ɓoye ƙwaryar a ƙarƙashin kaya. Ashe matan rugar da ke dawowa daga rijiya sun riga sun gan mu tun a rafi. Muna isa, bayan an gama gaisuwa, Bappa ya ce, "To ina hular sojan? An ce da ita ka taho."

Ba a kai shanun nesa ba ranar, suna wata fadama a bayan rugar. Baba ko ruwa bai tsaya sha ba. Muka bi shi, ni da Bappa, yana tafe yana dogara sanda. Da ya iso ya tsaya, ya yi irin kiran da yake yi musu. Yawancinsu ba su kula ba, don ƙananan duk a bayansa aka haife su. Wata tsohuwar farar saniya ce kawai ta ɗago kai, ta dube shi, ta ci gaba da kiwonta. Ya shiga cikinsu yana shafa wannan, yana ɗaga kunnen waccan, yana tambayar Bappa wace ce uwar wannan maraƙin. Ya sami kaska a hantsar wata karsana, ya yi wa Bappa faɗa kamar yaro, Bappa da furfurarsa yana ta ba da haƙuri. Can muna tsaye, farar saniyar nan ta tako a hankali ta zo ta tsaya a gefensa, tana tuƙa. Ya ɗora hannu a tozonta ya ci gaba da faɗan da yake yi, bai ko dube ta ba.

Wunin ranar Fulatanci kawai ya yi, kuma maganar da ya yi ta fi wadda nake ji daga bakinsa a wata guda a gari. Aka dama mana fura da kindirmo, ya sha ya ƙara. Bayan azahar ya kwanta a inuwa ya yi barci, malfa a kan fuskarsa. Da la'asar muka kamo hanya, da galan na nono a kariya. A rafin nan na bi ta inda Bappa ya nuna mini, wurin da shanu suka tattake yashin ya yi ƙarfi. Muna shiga na ji hannun Baba a kafaɗata. Ya riƙe har muka fita, sannan ya mayar da shi kan mariƙinsa.

Tun daga wannan tafiyar, in dai ba tsakiyar damina ba, ba ma daɗewa ba mu je ba. Mun sake faɗuwa a yashi, mun yi faci a hanya, akwai ran da mai ya ƙare mana muka zauna a gindin bishiya har wani mai kai madara gari ya tsiyaya mana daga tankinsa. Mashin ɗin ya tsufa, na sa an buɗe injinsa, kuma matata tana ta cewa in sayar in sayi sabo. Na ce sai in na sami wanda duk ƙarafan nan za su hau kansa. 'Yan acaɓa sukan tsayar da ni su tambayi inda aka yi mini majinginin, in kwatanta musu shagon Babarbaren.

Gwiwar Baba ba ta warke ba, amma yanzu a Bagadaza an san shi da abu ɗaya. Idan Dada za ta unguwa aka tsayar mata da ɗan acaɓa, sai ya fito daga zaure da sandarsa ya ce yaron ya dakata. Ya danna kujerar da yatsa, ya leƙa salansa, ya taɓa matakin ƙafa da bakin sanda. In bai gamsu ba ya ce, "Je ka, ɗana, Allah ya ba ka wani fasinjan." Dada tana tsaye da mayafinta tana cewa za ta makara, shi kuwa ya riga ya ɗaga wa na gaba hannu.